Filin Lafiya: Wata uku ina fama da zafin fitsari, magani ya ƙi ci

TAMBAYA: Assalamu alaikum, likita. Shekaruna 41, ina zaune a Rigasa. Wata uku ke nan ina fama da zafin fitsari da yawan fita, wani lokaci jini na biyowa a ƙarshe, ga ciwo a kwiɓin dama. Sau biyu ina sayen ciprofloxacin a kemis, ya lafa ya dawo. Ƙoda ce ko mafitsara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da lafiya. Ka daina sayen maganin nan tukuna. Shansa barkatai na sa ƙwayoyin cuta su daina jinsa, kuma yana ɓata sakamakon gwaji, a ce ba a ga komai ba alhali cutar na nan. Ka gaya wa likita ranar da ka sha na ƙarshe.

Gwajin farko na fitsari ne, kuma a wurin ɗibansa mutane suka fi kuskure. Karɓi kwalba mai tsabta daga ɗakin gwaji, ka wanke gabanka da ruwa, ka bar na farko ya zuba, ka tari na tsakiya. Ya isa hannun masu gwaji cikin awa 2, don in ya daɗe cikin zafi ƙwayoyi kan hayayyafa a kwalbar. Ka nemi a haɗa da kalca, wato rainon ƙwayoyin don a gane maganin da zai kashe su. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3.

Jinin da ke zuwa a ƙarshe shi ya fi ɗaukar hankalina. A ƙasarmu tsargiya ake fara zargi, cutar da wata tsutsar ruwa ke kawowa, musamman ga mai wanka, kamun kifi ko noman rani a bakin Kogin Kaduna da kududdufai. Gwajinta daban yake: ƙarshen fitsari ake tara, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita. Maganinta praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara, har takan kai ga ciwon daji.

Ciwon kwiɓi kuwa na iya zama tsakuwar ƙoda. Hoton ciki na sikanin zai nuna ko ƙodar ta kumbura, da yawan fitsarin da ke saura bayan ka gama. Sha leda 2 ta ruwa awa ɗaya kafin hoton, ka riƙe fitsarin. A auna kuma kiriyatinin, wato ma'aunin aikin ƙoda, da suga a jini, da hawan jini. Cutar saduwa irin kilamidiya ba ta fitowa a kalca na yau da kullum, saboda haka kada kunya ta hana ka faɗa wa likita gaskiya.

Kafin nan ka guji diclofenac da ibuprofen da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, suna wahalar da ƙoda. In duk an duba jini bai daina ba, nemi a tura ka wurin likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, a leƙa ciki da siririyar kyamara. Amma in zazzaɓi da rawar sanyi da amai suka shigo, ko fitsari ya tsaya cak, ka tafi sashen gaggawa ranar, ko da dare ne.