Amsa: Baba ya ji sauƙi, ko ya bar maganin hawan jini?

Malama, kin ce Baba ya daina shan ƙwayoyinsa tunda ciwon kai ya tafi. Don Allah ya koma musu. Hawan jini ba ya warkewa, danne shi magani ke yi, kuma sau da yawa ba ya ba da alama sai ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa ko ya gajiyar da zuciya.

Ku riƙa auna shi da safe kafin shayi, bayan ya zauna minti 5, hannu a kan tebur daidai ƙirji. In yana kai 140/90 ko sama, ku koma likita. In maganin hawan jini mai suna amlodipine ke kumbura masa ƙafa, likita zai canza, kada ya bari da kansa. Gishiri kuma kada ya wuce gram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen Maggi, da kanwar miya, da yajin kilishi.

In baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ku duba agogo don ku faɗa wa likita lokacin da abin ya fara, ku kai shi babban asibitin Maradi nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko fura, zai shaƙe. Kada a ba shi aspirin kafin hoton kai, don in jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi.