Ɓoye wa 'yan majalisa takardun ofis: riƙon amana ne ko ha'inci?

Tambaya: Malam, ni akawu ne a wata ma'aikata a Gusau. Kwamitin majalisar dokokin jiha ya aiko a kai masa fayil ɗin wata kwangilar gyaran makarantu. Maigidana ya ce in zare takardun biyan kuɗi guda biyu, wai sirrin ofis ne. Na rasa inda amanar take. Ina mafita?

Amsa: Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzonsa. Ɗana, bai halatta ka zare ko takarda ɗaya ba. Kuɗin nan daga baitulmali ya fito, takardunsa kuwa shaida ce, kuma Allah ya ce a aya ta 283 cikin Suratul Baƙara kada a ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce.

Bin diddigin ma'aikaci sunna ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka, Annabi (SAW) ya yi masa hisabi. Ibnul Lutbiyya ya ce wannan naku, wannan kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Sahabi ke nan aka bincika, balle mu.

A tsarin da muke ciki, sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba majalisar jiha ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta amince da shi, da kiran mutum ya zo da takardu. To wa ake ɓoye wa? Yaran da ke zaune a ƙasa cikin aji babu rufi, su nake ji wa ciwo. Babu biyayya ga maigida cikin saɓon Allah.

Amma ka lura. Haƙƙin na kwamiti ne da ya rubuto a hukumance. Ɗan majalisar da ya lallaɓo shi kaɗai da yamma yana neman kwafi don ya tsorata wani a ba shi rabo, kada ka ba shi. Haka takardar da ke ɗauke da sunayen masu tsegunta wa jami'an tsaro motsin 'yan bindiga: fitarta fili kisan kai ne a Zamfarar yau, sai dai a duba ta a zaman sirri.

Ka gaya wa maigidanka cikin ladabi, idan ya dage, ya ba ka umarnin a rubuce, ya sa hannu. Allah ne mafi sani.