Karkarwa daban, jijjiga daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya cewa "yaro yana karkarwa" a maimakon "yana jijjiga". A'a. Don Allah kada ka musanya su, musamman a gaban likita.

Karkarwa ita ce rawar da jiki ke yi ba da son mai shi ba, amma yana cikin hayyacinsa, in ka kira sunansa zai amsa. Wasu su ce kyarma, wasu makyarkyata, wasu su ce jikinsa na ɓari. Tsoro na kawo ta, yunwa na kawo ta, haka zazzaɓin cizon sauro. In sanyi ne ya jawo, ita ce rawar ɗari.

Na daɗe ina jinyar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Hannunsa na dama kan yi karkarwa in ya ajiye shi a cinya, amma da ya miƙa zai ɗauki wani abu sai ta lafa. Likita ta ce irin wannan alama ce ta cutar Parkinson, wadda James Parkinson na Ingila ya bayyana a 1817, ita ce ɗan dambe Muhammad Ali ya yi fama da ita. Abin da ta fi nanata tambaya shi ne: tana zuwa yana hutawa, ko sai ya kama aiki?

Jijjiga kuwa ba ta jira. Jiki ya sanƙare ko ya riƙa fizga, ido ya kafe, haƙora su datse, mutum bai san inda yake ba. Tana kama yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 in zazzaɓi ya yi zafi, da masu farfaɗiya, da mai ciki da jininta ya hau. A kwantar da mai jijjiga ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. In ta kai minti 5, ko mai ciki ce, a garzaya asibiti. Na sha ganin uwa ta ce ɗanta "karkarwa ya yi" alhali jijjiga ce, sai a bar ta a layi. Abin yana min ciwo.

Ka kuma lura da "rawar jiki". In aka ce wane yana rawar jiki a kan aiki, zumuɗi ake nufi, lafiyarsa ƙalau. Tsuma ta fi tafiya da fushi ko shauƙi. Girgiza kai kuwa mutum ne ke yi da niyya.