Ɗaki a Dang ko a cikin gari?

Ƙanwata, kin tambaya ko ki kama ɗaki a garin Ngaoundere ko a Dang, kuma ko karatu zai bar ki ki yi aikin sa kai. Ni dai Dang zan ce, Jami'ar Ngaoundere tana can ne wajen kilomita 15 daga gari kan hanyar Garwa, in kina gari kuɗin taksi kullum sai ya cinye na cefane. Nemi minisite, wato gidan haya na ɗalibai, mai rijiya a tsakar gida, ki taho da bargo don sanyin Disamba ba wasa, mu 'yan Marwa mun ji a jikinmu. Rajista sefa dubu 50 ce a shekara. Aikin sa kai kuwa bari sai Asabar, yaran unguwa na neman mai koya musu faransanci da lissafi, alli kawai za ki saya.