Ku Tambayi Anti: Lemon tsami da na'a-na'a

Jama'a barkanmu da zafi. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato lemon nan kore na lemon tsami da na'a-na'a, sai na tattaro su wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a taimaka min, maigida ne ya je Umara ya sha wani lemon na'a-na'a a Madina, tunda ya dawo ya ishe ni da zancensa, ni kuma na ce ai ba wani abu bane, na yanka lemon tsami guda biyar da ɓawonsu da komai na watsa a bilenda da ganyen na markaɗa sosai na sa a firji tun azahar, wallahi Anti da aka ɗauko da magariba ɗaci kamar maɗaci, kalar ma ta koma wani iri. Ina kuskuren yake? Daga ƙanwarki a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abu biyu ne suka haɗu miki, kin markaɗa da yawa sannan kin ajiye. Ɗacin lemon tsami yana cikin 'ya'yansa ne da wannan farar fatar da ke ƙarƙashin ɓawo, da bilenda ta farfasa su shikenan ya fita cikin ruwan. Kuma akwai wani sinadari da ake kira limonin, lokacin da aka matse lemon bai gama fitowa ba, a hankali yake taruwa cikin awanni, shi yasa za ki ɗanɗana da azahar ki ji daidai, magariba na yi ki ji kamar an canza miki shi. Firji yana rage saurin abin ne kawai amma baya hana shi.

Kalar kuma aikin tsami ne da iska. Koren ganye in ya zauna cikin ruwa mai tsami dole ya dushe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ga shi kuma kin riga kin daddatse ganyen iska ta shige shi. Can Saudiyya da Masar da Sham inda aka fi shan abin nan, sai ka yi oda sannan ake haɗa maka a gabanka, a miƙo maka da kumfarsa, toh kin ga ai ba daga firji maigida ya sha nasa ba. Misirawa ma suna markaɗa lemon da ɓawonsa kamar yadda kika yi, amma na 'yan daƙiƙu ne, su tace nan take a shanye.

Ga yadda za ki yi na mutum huɗu. Ki samu ƙananan lemon tsami 8 zuwa 10, masu santsin fata da nauyi a hannu, su ne masu ruwa, ki murza kowanne a kan tebur da tafin hannu kafin ki yanka, ki matse ta cikin rariya kada ɗa ko ɗaya ya faɗa, abin da kike nema kamar rabin kofi ne. Kada ki yi ta murɗe ɓawon wai sai kin ga ɗigon ƙarshe, nan ma ɗaci ke fitowa. Na'a-na'a cikin hannu ɗaya, ki tsinke ganyen kawai ki bar itacen, ki wanke sosai dan yana riƙe ƙasa. Ki zuba ganyen a bilenda da sukari babban cokali 6 zuwa 8 da kofi ɗaya na ruwan sanyi da ƙanƙara, ki markaɗa kamar daƙiƙa 20, sannan ki zuba ruwan lemon da sauran ruwa har ya kai lita 1, ki ƙara juyawa sau ɗaya ki kashe. Ɗan gishiri a bakin yatsa yana danne ɗaci ya fito da zaƙin, kada dai ya yi yawan da za a ji shi. In kina son ƙamshin ɓawon sai ki kankare koren saman lemo ɗaya kaɗan ki zuba, banda farin. Kuma sai kin ji ƙarar motarsa ko sallamarsa sannan ki kunna bilendar.

Tambaya: Anti ni sana'ar zoɓo da kunun aya nake yi a gida, ina so in ƙara da wannan, zai yiwu in ɗura a robobi yara su fita da shi? Kuma ana ba ni aikin walima. Daga Zariya.

Amsa: Allah ya sa albarka a sana'a 'yar uwa. Irin wanda na faɗa a sama kam ba na roba bane, za ki yi asara. Amma akwai wata hanya. Ki dafa sukari kofi 1 da ruwa kofi 1 har ya narke, ki sauke, ki zuba ganyen na'a-na'a kofi 1 a ciki ki rufe na rabin awa, ki tace ki zubar da ganyen. Wannan ruwan sukarin ya ɗauke ƙamshin gaba ɗaya kuma zai yi miki sati guda a firji cikin kwalba mai tsafta ba abin da zai same shi. Ranar da za a fita sai ki matse lemo ki haɗa da shi da ruwan sanyi. Ba zai yi kore ba, fari-fari zai fito, kuma ni dai ban ga amfanin zuba masa kala ba, ɗanɗano ake saye. Duk da haka na yini ɗaya ne, ki yi daidai wanda zai ƙare.

Na walima kuma ki tafi da komai daban-daban a kula, ruwan sukari daban, ƙanƙara daban, lemon a matse shi da safiyar ranar, a haɗa a can a jefa ɗanyen ganye a sama dan ado. Kada ki haɗa a tukunyar alminiyom ko ta dalma, tsami yana cin su ya ba ki ɗanɗanon ƙarfe, ki yi amfani da roba mai kyau ko tangaran. In da yawa za ki saya ki je inda ake sauke kaya, kamar 'Yan Lemo ko 'Yankaba ga mutanen Kano, ya fi sayen ɗai-ɗai a bakin titi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan duk wanda ya matse lemo mai yawa ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga rana, ruwan ɓawon in ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar baƙin tabo.

Tambaya: Anti a garinmu ba a cika samun ɗanye ba, busasshe na wajen masu kayan shayi zai yi? Wata kuma ta ce min in sa ɗoɗɗoya duk ɗaya ne.

Amsa: Ba ɗaya bane sam, ɗoɗɗoya ta miya ce da farfesu, ba ta da wannan sanyin da na'a-na'a ke bari a maƙogwaro. Busasshe zai yi amma ba a bilenda ba, ki jiƙa babban cokali 2 a ruwan zafi minti 10, ki tace ya huce sannan ki matsa lemo. Amma me zai hana ki shuka? Duk ranar da kika samu ɗanye ki ware reshe uku ko huɗu, ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa, cikin sati ɗaya ko biyu za ki ga saiwa, ki dasa a tsohon bokiti mai huji a ƙasa ki ajiye inda ranar safe kawai ke bugawa, ki dinga ba shi ruwa kullum. A bokiti fa, dan in kika sa shi a ƙasa yaɗo yake yi ya cinye miki wurin sauran shuka.

Tambaya: Anti da gaske ne yana narkar da tumbi? Kuma mamana tana da olsa da ciwon suga, za ta iya sha in na sa zuma maimakon sukari?

Amsa: Maganar tumbi dai babu ita 'yata, lemon tsami baya narkar da kitse. Inda zai taimaka shine in ya maye miki gurbin lemon kwalba kuma kin rage sukarin, amma ki zuba cokali takwas ki shanye ke kaɗai ki ce kina rage ƙiba, ai kin san ba haka bane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kamar ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi.

Mama kuma, zuma ma tana ɗaga suga, ba mafita bace, in za ta sha sai dai ba zaƙi ko da abin da likitanta ya yarje mata. Ga mai ƙwannafi ko ciki mai zafi kuma abin biyu ne, tsamin yana iya tayar da shi, na'a-na'a kuma tana sassauta bakin ciki ta sama har abin ya dinga tasowa ƙirji. Ta tambayi likita tukuna, kuma ko an bar ta kada ta sha da wofin ciki, musamman lokacin buɗa baki. Yaron da bai kai shekara 1 ba kuma ba a ba shi zuma ko kaɗan. Ke ma mai lafiyar, in kina sha kullum ki dinga kurkure baki da ruwa bayan kin sha, ki jira kamar rabin awa kafin ki goge haƙora, dan tsami yana tausasa bayan haƙori.

Tambaya: Anti ni ɗalibi ne a hostal, ba bilenda ba firji, wutar ma sai an ga dama. Akwai rabona a ciki kuwa?

Amsa: Akwai mana ɗana, naka ma ya fi wuyar yin ɗaci. Ka sa ganye kamar 10 da sukari babban cokali 1 da rabi a kofi, ka danna su da bayan cokali a hankali har ka ji ƙamshi ya taso, ba sai ka mai da shi kwaɗo ba, ka matse lemo biyu a kai ka juya sukarin ya narke, sannan ka cika da ruwan leda mai sanyi ko ka sayo ƙanƙara a shagon kusa, amma ka tabbatar da ruwa mai tsafta aka yi ta. In akwai ɗanyar citta ka gurza kaɗan a ciki, in kuma baƙi ka yi sai ka sa ruwan soda maimakon ruwa, shi kuma a ƙarshe ake zuba shi kuma ba a juyawa da ƙarfi.