Kafin siminti ya kama

Ɗana, jiya da la'asar muna wanke kayan aiki a gindin tankin ruwa ka yi mini tambaya, na ce ka bari tukuna. Yara suna kusa, kuma maganar ba ta gabansu ba ce. Ka ce tun da na ɗora ka a kan ginin nan na Gesse, da birkila uku da lebura shida a hannunka, ka rasa inda za ka sa kanka. In ka sakar musu fuska sai su mai da kai abokin wasa, aiki ya yi sanyi. In ka ɗaure fuska ka ɗaga murya sai wuri ya yi tsit, kowa na aiki amma ba mai kallon idonka. Kana so in faɗa maka wanne ne ya kamaci shugaba, zafi ko sanyi.

Zan fara maka da abin da hannunka ya sani. Siminti, da zarar ruwa ya taɓa shi, ba ya jiran kowa. A zafin Maris da Afrilu na Birnin Kebbi, lokacin da rana ke haura digiri 40, kwaɓin da ka bari ya yi awa ɗaya a ƙasa ya fara ƙin cokalin gini. Bulon da aka ɗora a karkace, in an gani nan take, bugu biyu da gindin cokali ya daidaita shi. In sai da yamma aka gani, sai an sauke layi uku. In kuwa sai bayan mako, to guduma ce, ga asarar bulo da siminti, ga kunya a gaban mai gini. To wa ke fara ganin kuskure a wurin aiki? Wanda ya yi shi. Shi ya sa ni abin da nake auna shugaban aiki da shi guda ɗaya ne: yaron da ya ɓata aiki, wurinka yake rugowa ya faɗa, ko ɓoyewa yake yi?

Wannan ba a bakin wani na ji ba. Ina ɗan shekara 17 nake bin wani maigida a Jega, Allah Ya jiƙansa. Gwani ne na gaske, yana iya duban bango daga nesa ya ce maka ya kauce da rabin inci, a sa igiya a tarar haka ne. Amma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Wata rana muna zuba linta, ni ke ƙirga awo. Ka san ƙa'idar: buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, sai yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Hankalina ya tafi wani wuri, na bari aka zuba yashi kwano shida. Na gane tun ana juyawa da shebur, don launin kwaɓin ya yi fari-fari, bai yi duhun da na saba gani ba. A lokacin rabin buhu kawai za a ƙara, magana ta ƙare. Na dubi maigida, na tuna marin shekaranjiya, na ja bakina na yi shiru. Aka zuba, aka ɗora bulo layi uku a kai. Ranar da kafinta ya cire katako, gefen lintar nan da farce ma sai ya marmashe. Aka rushe. Maigida ya kori wani lebura, dattijo mai iyali, don shi ke riƙe da shebur. Ina tsaye ina gani. Na fi shekara 30 ina ɗauke da wannan, na nemi mutumin na roƙe shi gafara ya yafe, amma har yau in na ga kwaɓi ya yi fari sai ƙirjina ya buga.

Laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Sai dai ka duba abin da zafin maigida ya saya masa. Bai hana kuskure ba, ya dai hana shi jin labarin kuskuren a lokacin da gyaransa rabin buhu ne.

Daga baya na koma hannun wani dattijo a Argungu. Ranar farko ya tara mu ya ce doka ɗaya gare shi: wanda ya kawo kuskurensa da bakinsa kafin siminti ya kama, babu faɗa, babu yankan kuɗi, wanda ya ɓoye har shi ya gano da kansa, ya ɗauki kayansa. Kuma ya cika duka biyun. Na ga yaro ya zo jiki na rawa ya ce ya manta bai sa biskit, wato 'yan guntayen siminti da ke ɗaga rodi daga kan katako, a ƙarƙashin rodi ba, ga kankare an fara zubawa. Tsohon nan bai ce masa komai ba sai "madalla da ka faɗa", ya tsayar da zubi, muka ɗaga rodin, aka ci gaba. Na kuma ga ya sallami ɗan ƙanwarsa saboda ya shafe tsaga da filasta ya yi shiru. A wurinsa na gane cewa mutum yana iya zama mai sauƙin kai a kan mutane, mai tsanani a kan aiki, kuma duka a jiki ɗaya.

Wani injiniya da muka yi aiki tare a Kalgo, da na ba shi wannan labari, ya ce ai haka kamfanin Toyota ke yi a Japan. Akwai igiya rataye a saman layin haɗa motoci, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala sai ya ja ta, shugaban rukuninsa ya zo da sauri, in ba a gyara ba layin ya tsaya. Ka duba, kamfanin da ke fitar da miliyoyin motoci a shekara ya yarda ƙaramin ma'aikaci ya tsayar da aiki, don sun lissafa sun ga tsayawar minti biyu ta fi arha a kan motar da ta fita da aibi. Mu da muke gina abin da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa da 'ya'yansu, mun fi su buƙatar wannan igiya.

Kada ka ɗauka ina ce maka ka zama ruwan sanyi. Fara'ar da ka ce ta sa sun raina ka, na lura da ita. Dariyar ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce ranar Talata ka ga kusurwar ɗakin baya ta kauce, ka sa tef, ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, tsakani ya kamata ya ba ka ƙafa 5 cif, ya ba ka da ƙarin inci guda, sai ka dubi birkilan, ka ga abokin hirarka ne, ka ce filasta za ta rufe. Tun daga ranar suka san awonka yana da aboki. Igiyar awo ba ta da aboki, ɗana. Awon kwaɓi, miƙewar bango, ban ruwa safe da yamma har kwana 7, barin katakon bene har lokacinsa ya cika: waɗannan ba a sasanta su da kowa, ko da ni ne na zo na ce a yi sauri. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka ƙiyasta masa, ba ya rage kwana ɗaya don mai gini yana gaggawar tarewa. In ka tsaya a kan waɗannan ba ka buƙatar tsawa. Ka ce "sauke, a sake", da muryar da kake gaisuwa da ita, ka tsaya har a sauke.

Sannan kiɗa in ya sauya, rawa ma sauyawa take. Ranar zuba kankaren bene murya ɗaya ake so a wurin, taka. Injin kwaɓi na juyawa, lebura na hawa da sauka da kwano a ka, in aka tsaya gardama zubin farko ya kama kafin na biyu ya iso, sai a samu gaɓa a tsakani, nan ne ruwa zai riƙa bi da damina. Ranar ba a shawara, umarni ake bayarwa gajere, kowa ya san wurinsa tun daren jiya. Amma ranar fitar da harsashi, ko ranar da ake tunanin inda za a sauke yashi da inda baro zai bi, tara su ka tambaya. Leburan da ke tura baro ya fi ka sanin inda ƙasa ke nutsewa. Ramin da ya kare Madina a shekara ta 5 bayan hijira shawarar Salmanul Farisi ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓa, ya shiga ramin yana ɗaukar ƙasa da kansa.

Mutanen ma ba ɗaya ba ne. Dattijon birkilan da ke tare da kai ya fara ɗora bulo tun Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1991. Ba ka tsaya masa a ka. Nuna masa zane, faɗa masa inda kake so a kai kafin azahar, ka tafi. In ka dawo ka sa lebur, ma'aunin miƙewar gini, a bangonsa kamar na kowa, shi ma zai ji daɗin hakan. Ka kira shi Baba, ka nemi ra'ayinsa a gaban yara, in za ka gyara masa ka ja shi gefe. Sabon yaron nan kuwa da aka kawo daga Ambursa, in ka ce masa "yi yadda ka gani" ka zalunce shi. Kama hannunsa za ka yi, ka nuna masa yadda ake ɗebo kwaɓi a cokali, yadda ake shimfiɗa shi kaurin yatsa, yadda ake duban igiya ba tare da bulo ya taɓa ta ba. Bayan wata uku ka ja baya taku ɗaya. Bayan shekara ka ba shi bango guda nasa.

Injiniyan nan ya kuma ba ni labarin wani gwaji da wani malami, Kurt Lewin, da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Iowa ta Amurka, aka buga a 1939. Sun raba yara maza 'yan kimanin shekara 10 rukuni-rukuni suna aikin hannu. Wasu aka ba su shugaba mai umarni kawai, wasu mai shawara da su, wasu wanda ya sake su suka yi yadda suka ga dama. Na mai umarni sun yi aiki sosai muddin yana tsaye, da ya fita daga ɗakin sai aiki ya lafa. Na mai shawara suka ci gaba ko ba ya nan. Na wanda ya sake su kuwa su ne suka fi ƙarancin aiki. Na ce masa wannan kowane magini ya sani. Ka je sallar azahar ka ɗan jinkirta, ka dawo ka ƙirga bulon da aka ɗora a bayanka, za ka san irin shugaban da kake.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ke rusa yawancin masu kula da aiki. Abin da na ba ka na lebura, ka ba su cif, a ranar, a gaban juna. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mutumin da ya san ana tsakurar haƙƙinsa ba zai taɓa kawo maka gaskiya ba, shi ma zai fara tsakurar siminti. Kuɗin abinci kada ka ci shi kai kaɗai a rumfa. Zauna a kan bulo ku sa hannu a kwano ɗaya. Kuma in injiniya ko mai gini ya zo yana faɗa, kai za ka tsaya a gaba. Kada in ji ka ce "yaran nan ne". Babba juji ne. Ka karɓi faɗan, in sun tafi ka kira wanda ya yi, ku biyu, ku gyara. In yabo ne ya zo, nuna wanda ya ɗora bangon, ka ambaci sunansa.

Mu nan ƙasar Gwandu ba baƙin wannan magana ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ginshiƙan mulki biyar: kada a ba da shugabanci ga mai nemansa, a riƙi shawara, a bar kaushi, a yi adalci, a kyautata. Don masu riƙon ƙasa ya rubuta, amma ban ga wanda bai shafi mai riƙon mutum tara ba. Na farkon ma shi ya sa na zaɓe ka. Akwai wanda ya girme ka a hannuna, ya yi ta zagaye yana so, na ƙi. Kai da na faɗa maka sai da ka kwana biyu ba ka sake ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Ba za mu kai can ba, amma can ne alƙibla.

Gobe in Allah Ya kai mu za ku zuba lintar gaba. Ka zo kafin kowa, ka duba rodi da katako, ka jiƙa su. Kafin a fasa buhun farko ka tara su, ka faɗa musu dokar tsohon Argungu da bakinka, ka ce daga yau ita ce dokar wurin. Sannan ka kai su kusurwar ɗakin baya, ka sa tef a gabansu, ka ce kai ne ka gani ranar Talata ka bari ta wuce, a sauke ta. Bulon da za a yi asara ka rubuta a kaina. Yaron Ambursa ka ba shi ƙirgar kwano, ka ce ya riƙa faɗa da ƙarfi kowa na ji, huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Ni zan biyo ta Badariya in duba wancan aikin, sai wajen hantsi zan iso.