Shin sayar da waƙoƙinta Dolly Parton ta yi kafin ta samu ɗaukaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yar ƙanwata tana rubuta waƙoƙi tana rerawa da jita, irin na kantiri da muka taso muna ji a rediyo, su Don Williams da Dolly Parton. Wani mai situdiyo ya kawo mata takarda. Zai naɗa mata waƙoƙi 10 kyauta ya ɗora mata 'yan kuɗi, amma waƙoƙin su zama nasa har abada. Ya ce Dolly ma haka ta fara, wani babba ne ya saye waƙoƙinta ya ɗaga ta. Yarinyar ta matsu ta sa hannu, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ta sa hannu a wannan takarda. Mai situdiyon ya karanta muku tarihin Dolly Parton a baibai ne, don idan da mawaƙiya ɗaya da ta yi suna wajen ƙin sakin haƙƙin waƙarta, ita ce.

An haife ta a 1946 a gundumar Sevier, jihar Tennessee, ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Tana da shekara 10 tana waƙa a shirin Cas Walker a Knoxville, tana da 13 ta hau shahararren dandalin waƙar kantiri na Grand Ole Opry. A 1964, washegarin gama sakandare, ta tafi Nashville, cibiyar waƙar kantiri, kuma alƙalaminta ya riga muryarta samun kasuwa. Waƙar da suka rubuta da kawunta Bill Owens, wadda Bill Phillips ya rera a 1966, ta shiga goman farko a jerin waƙoƙin kantiri, sannan kamfanin faya-fayen da take yi wa waƙa, Monument, wanda ya nace sai ta yi waƙoƙin fof na matasa, ya ƙyale ta ta yi kantiri. Babban da ake ta faɗi kuwa Porter Wagoner ne, wanda ya saka ta a shirinsa na talabijin a 1967 ya kai ta kamfanin faya-fayai na RCA. Ko a nan ba dare ɗaya aka yi ba: 'yan kallo sun yi ta kiran sunan Norma Jean, wadda Dolly ta gada, kuma sai 1971 waƙarta ta ita kaɗai ta fara zama ta ɗaya.

Yanzu ga abin da dillalan waƙa ba sa so yara su gane. Kowace waƙa dukiya biyu ce. Akwai rubutun, wato baituka da karin da aka ɗora su a kai, akwai kuma naɗin da aka yi a situdiyo. Naɗi yawanci na wanda ya biya kuɗin aiki ne, kuma RCA ce ta riƙe faya-fayen Dolly na wancan zamani. Rubutu kuwa na marubuci ne tun daga ranar da ya rubuta, kuma shi ke kawo kuɗi duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, aka saka ta a fim, ko wani ya sake rera ta. Wannan kuɗin ma kashi biyu ake yi a Amurka, rabi na marubuci, rabi na kamfanin da ke kula da haƙƙin. Dolly ta fara da rubuta wa kamfanin Combine, amma da ta samu sarari sai ita da kawunta suka kafa nasu, Owe-Par, domin rabi na biyun ma ya tsaya a gida.

A 1974 “I Will Always Love You”, wadda ta rubuta a matsayin bankwana da Wagoner, ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri. Elvis Presley ya so ya rera ta, sai manajansa Kanal Tom Parker ya ce sai an sallama musu rabin haƙƙin rubutun. Ta ƙi, aka fasa. A lura, dokar Amurka ta ba kowa damar sake rera waƙar da ta riga ta fita muddin zai biya kuɗin da doka ta yanka, wanda a lokacin senti 2 ne kacal a kan kowane faifai. Ke nan ba izini Parker ya zo nema ba, ya zo ne ya karɓi dukiya da sunan alfarma, kamar dai mutuminku. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta yi mako 14 a saman jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kuma kason marubuci da na kamfani duk ya faɗa hannun Dolly. Shekara 18 tsakani. Da wane farashi za a sayi waƙa yau a ce an biya abin da za ta kawo bayan shekara 18? Mai cewa “ai waƙar yarinya ce, ba ta da daraja” me ya sa yake son ta har abada?

Ba ina cewa kada a yi hulɗa da mai ɗaga mutum ba. Wagoner ya ɗaga ta ƙwarai, amma har kusan rabin Owe-Par ya mallaka, kuma bayan sun rabu ya maka ta kotu a 1979 yana neman dala miliyan 3, sai sulhu aka yi a wajen kotu. Ita da ta san abin da take yi ke nan.

A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce sallama haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, don haka sa hannun nan shi ne komai. Haƙƙin rubutun waƙa yana nan tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70, na naɗi kuwa shekara 50 ne. Idan mai situdiyon aiki yake so da gaske, a sake takardar. A rubuta cewa naɗin kawai ya shafa, rubutun na yarinyar ne. A sa wa'adi, misali shekara 3 ko 5, bayansa haƙƙi ya dawo mata, haka kuma idan bai fitar da waƙoƙin cikin shekara guda ba. A faɗi kasonta da lamba, da lokacin da zai riƙa kawo lissafi, da ko kuɗin situdiyon bashi ne da za a cire daga kasonta, don “kyauta” a nan take yawan ɓuya. Duk waƙar da wani ya sa baki a rubutunta, a rubuta kason kowa a sa hannu tun ranar. Ta kuma yi rajista da ƙungiyar MCSN mai karɓar wa mawaƙa kuɗi, ta ajiye littafin baitukanta da naɗin wayarta mai kwanan wata. Lauyan da zai duba takardar ku za ku nemo shi ku biya shi, ba wanda mai situdiyo ya kawo ba.